Wa Zai Yi Yaɓen Baɗi? Tunani a Kan Sayar da Tsohon Gidan Gado

Gabatarwa

Duk wanda ya saba ratsa tsofaffin garuruwan karkara na ƙasar Hausa, irin su Kura da Rano da Birnin Kudu, ya san wani irin gida da ido ba ya iya wucewa bai tsaya a kansa ba. Gida ne na ƙasa mai doguwar katanga, zankwayensa sun fara dakushewa, zanen da ke goshin zaurensa ya koɗe amma bai ɓace ba. Galibi wani attajiri ne ko malami ko mai sarauta ya gina shi, shekaru tamanin ko ɗari da suka wuce. Yau mai gidan ya daɗe da kwanta dama, 'ya'ya da jikoki sun watsu a Kano da Kaduna da Abuja da Legas, saura tsohuwa ɗaya ko biyu a ɗakunan ciki. Ana nan sai wata rana a ji a majalisa cewa an ba dillali gidan. Daga nan gari ya rabu biyu: wasu su ce magadan sun ci amanar ubansu, wasu su ce dukiyarsu ce, ba mai hana su.

Tambayar da wannan rubutu zai bi ita ce: shin mutum yana da ikon sayar da gidan da ya gada kamar yadda yake da ikon sayar da akuyarsa ko buhun masararsa, ko kuwa tsohon gida yana da wani haƙƙi a wuyan magada wanda kuɗi ba ya sauke shi? Matsayina shi ne haƙƙin yana nan, sai dai jama'a sun ɗora shi a inda ba nan ne muhallinsa ba. Mun ɗauka amanar tsohon gida ita ce a riƙe shi da sunan zuriya har abada. Ni kuwa ina ganin amanarsa ita ce kulawa, kuma kulawa tana iya sauya hannu ba tare da an zalunci kowa ba. Wanda ya hana sayarwa kuma ya ƙi gyara ya fi kusa da cin amana a kan wanda ya sayar wa mai gyarawa.

Mene ne ake sayarwa?

Kafin a yanke hukunci a kan ciniki, ya kamata a san hajar. Ginin gargajiya na Bahaushe ana ɗora shi ne da tubali, wanda ake mulmulawa da hannu daga jar ƙasa a shanya shi a rana. Rufinsa azara ce, wato tsagin giginya, wadda gara ba ta cika yi mata lahani ba. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyin rufi idan tazara ta yi yawa, magina suka ƙware wajen ɗaure bakan gizo da ɗaurin guga domin su sami zaure mai faɗi ba tare da ginshiƙai sun cika shi ba. A waje kuma ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufin soro kuwa a dalaye shi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Kaurin bangon nan shi ke hana zafin rana shiga ɗaki da tsakar bazara, shi ne kuma ke riƙe ɗumi a daren hunturu.

Mai karatu zai lura cewa kowane ɓangare na gidan yana da alaƙa da wata sana'a ta gari. Laso ba ya samuwa sai marina tana aiki kuma majema suna jima. Azara ba ta samuwa sai akwai giginya a fadama. Ke nan tsohon gida shaida ne na yadda gari ya rayu a lokacin da aka gina shi, kuma wannan shi ne abin da ke ba shi kwarjinin da gidan bulo da kwano ba shi da shi, komai tsadarsa.

Akwai kuma wata siffa da ta fi waɗannan muhimmanci ga bahasinmu. Ginin ƙasa ba a gama shi. Kowace damina tana ɗibar wani abu daga jikinsa, kowane rani kuma sai an mayar masa da abin da ruwa ya ɗiba: a yi yaɓe, a toshe tsaga, a gyara indararo, a cire ciyawar da ta tsiro a kan soro. A garin Jenne na ƙasar Mali, babban masallacin da aka gina a 1907 yana tsaye har yau saboda kowace shekara mutanen gari sukan fito kwansu da kwarkwatarsu su yaɓe shi. Idan aka ce gida ya shekara ɗari, fatar da ido ke gani a jikinsa wataƙila ba ta wuce shekara biyar ba. Ƙasar da maginin farko ya shafa a waje ruwa ya daɗe da wanke ta. Abin da ya shekara ɗari shi ne siffar gidan, da kuma jerin hannayen da suka yi ta mayar da ita duk lokacin da ta tasam ma ɓacewa. Saboda haka wanda ya gaji irin wannan gida ya gaji aiki ne tare da dukiya. Hausawa sun riga sun faɗa: gadon gida, alala ga raggo.

Hujjar masu cewa kada a sayar

Ba daidai ba ne a yi watsi da masu ƙin sayarwa kamar mutanen da son zuciya kawai ke ja. Hujjarsu tana da nauyi. A wurin Bahaushe kalmar gida tana nufin gini, tana kuma nufin mutanen da suka fito daga cikinsa. Idan aka tambayi yaro ɗan gidan wa ne, asalinsa ake tambaya. A bayan ɗakunan gidan aka binne cibiyar 'ya'yansa, a zaurensa aka ɗaura aurensu, daga nan aka ɗauki gawar iyayensu. Gidan gado shi ne wurin da mace ke komawa idan aure ya ƙi, inda wanda birni ya kayar yake samun ɗakin kwana ba tare da an tambaye shi kuɗin haya ba, inda dangi ke haɗuwa da salla ba sai an aika wa kowa goron gayyata ba. Idan aka sayar da shi aka raba kuɗin, kowa ya kama gabansa, sau da yawa zumuncin ma sai ya bi kuɗin ya watse, domin zumunta a ƙafa take, ƙafa kuwa tana bukatar wurin zuwa.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta da na gari. Zauren tsohon gida bai taɓa zama na masu gidan su kaɗai ba. A nan ake karatun dare, a nan ake sasanta rigima, a nan baƙo yake sauka. Dakalin ƙofarsa majalisar unguwa ce. Idan aka rushe shi aka jera shaguna, mutanen da ba su da ko sisi a gadon su ma sun yi asara, kuma ba wanda ya shawarce su.

Duk wannan gaskiya ne. Amma a lura da abin da hujjar take karewa: mafaka take karewa, da haɗuwa, da zauren da ke buɗe. Waɗannan amfanoni ne na gidan da ke raye. Da zarar gida ya daina ba da su, hujjar ta rasa abin da ta tsaya a kai, ko da takardar gidan tana nan da sunan kaka.

Haƙƙin rayayyu

Yanzu a juyo ga ɓangaren da ba a cika jin muryarsa a majalisa ba. A shari'ar Musulunci, wadda ita ce ke hukunta gado a mafi yawan ƙasar Hausa, dukiyar mamaci tana komawa ga magada ne bayan an yi masa sutura, an biya bashinsa, an zartar da wasiyyarsa wadda ba ta wuce sulusi ba. Kowane magaji yana da kasonsa sananne. A ƙaddara mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza uku da mata huɗu, iyayensa kuma sun riga shi, aka kimanta gidansa a kan naira miliyan 8. Matar tana da tumuni, wato naira miliyan 1. Sauran miliyan 7 za a kasa su goma, kowane namiji ya ɗauki naira 1,400,000, kowace mace ta ɗauki 700,000.

To, a dubi abin da ke faruwa idan babban wa ya ce gidan ubanmu ba za a sayar ba. Mazan da ke zaune a ciki suna cin moriyar kasonsu da na wasu. Matan kuwa suna gidajen aurensu, kasonsu yana daskare a cikin bango, ba sa kwana a ciki, ba sa karɓar haya, ba sa iya jari da shi. Wataƙila a cikinsu akwai wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, wadda naira 700,000 za ta saya mata keken ɗinki da injin markaɗe ta kuma biya kuɗin makarantar 'ya'yanta. Idan ta buɗe baki ta nemi haƙƙinta, sai a ce ba ta da kunya, tana son tozarta gidan ubanta. Haka za a yi ta tafiya har magadan farko su mutu, gado ya hau kan gado, mutum takwas su zama arba'in, rabon da da zai ƙare a zaure ya koma kotu, 'yan'uwa su daina gaisawa.

A nan ne kalmar amana take zama mayafin zalunci. Mamaci ba ya bukatar ɗaki. Abin da ya rage masa a duniya shi ne addu'a da kyakkyawan suna da lafiyar zuriyarsa. Da wuya a sami uban da zai yarda 'yarsa ta kwana da yunwa domin zankwayen gidansa su ci gaba da tsayuwa. Kuma da ya so gidan ya dawwama ba a raba ba, shari'a ta ba shi hanya tun yana raye, wato ya mayar da shi wakafi. Tunda bai yi ba, babu wanda ke da ikon ƙirƙirar wakafi a bayansa da dukiyar 'yan'uwa mata ba da yardarsu ba.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan matsala ba magani ba. A mazhabar Malikiyya akwai hukuncin shufu'a: idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon karɓar kason a kan farashin da aka sayar. Ma'anar wannan a fili take. Wanda yake ƙaunar gidan ya zauna a hannun dangi an buɗe masa ƙofa, amma da aljihunsa zai shiga. Ƙaunar da mutum yake so wani ya biya masa kuɗinta ba ta kai a kira ta sadaukarwa ba.

Kangon da ba a sayar ba

Akwai makoma ta uku wadda ta fi sayarwa da rabawa yawa, ita ce a bar gidan haka nan. Ba a sayar ba, ba a gyara ba. Magadan da ke birni kowa yana jiran wani ya aiko da kuɗin yaɓe. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, azara ta jiƙa ta fara lanƙwasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bayan ƙadangare kuma sai ruwa, bayan ruwa sai rushewa. Duk damina mai ƙarfi ana jin labarin gidajen ƙasa da suka faɗa a kan mutane a garuruwan Arewa, kuma waɗanda ke kwana a irin waɗannan ɗakuna su ne tsofaffi da yara da almajirai, waɗanda ba su da wurin zuwa.

Mu matasan da muka yi karatu muka bar garuruwanmu muna da kaso babba a wannan hali. Mun iya ɗaukar hoton zauren kakanninmu da salla mu ɗora a Facebook muna alfahari da asali, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san nawa magini yake karɓa a yini. Muna son gidan ya tsaya domin ya riƙa tuna mana ko mu su wane ne, alhali wata gwaggo ce ke tara kwanuka a tsakar ɗaki tana tarar yoyo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ra'ayinsa a kan makomar gidan ya kamata ya fi na mai zuwa sau biyu a shekara nauyi. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wanda ya bar gida shekara ashirin bai aiko da ko kwandon ƙasa ba, sannan ya zo ya hau kujerar na-ƙi ranar da aka kawo maganar sayarwa, sunan gidan yake karewa, gidan kansa kuwa ya daɗe da sakinsa.

Nauyin da ke kan mai saye

Idan an yarda cewa sayarwa halal ce kuma wani lokaci ita ce adalci, saura tambayar wanda za a sayar wa. Wannan matsala ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. Duk inda matasa suka bar karkara suka nufi birni, tsofaffin gidaje sukan rasa mazauna, kuma abin da wasu ƙasashe suka gwada yana iya haska mana hanya.

A tsibirin Sisili na ƙasar Italiya akwai wani ƙaramin gari mai suna Sambuca, wanda mutanensa suka yi ta ƙaura har gidajen duwatsu na tsohuwar unguwa suka zama kangaye. A 2019 hukumar garin ta sa wasu daga cikinsu a kasuwa, farashin farawa yuro ɗaya. Sharaɗin shi ne mai saye ya ajiye yuro 5,000 a matsayin jingina, kuma ya gyara gidan cikin shekara uku. Wannan ciniki ya fito da abin da farashi yakan ɓoye. Da aka sauke kuɗin gida ya koma kusan babu, abin da ya rage a cikin yarjejeniyar shi ne alkawarin gyara. Hukumar garin ta gane cewa magajin aiki take nema.

A Ingila kuwa doka ce ta shiga tsakani. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman da dokar tsara birane da karkara ta 1947, ake rajistar gine-gine masu tarihi, kuma yau akwai fiye da 370,000 a cikin rajistar. Da yawa daga cikinsu gidajen mutane ne da ake saye ana sayarwa kamar kowane gida. Bambancin shi ne wanda ya sayi irin wannan gida ba shi da ikon rushe shi ko sauya siffarsa sai da izini, kuma yin hakan ba izini laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Tun kafin dokar, a 1877, William Morris da abokansa sun kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, wadda koyarwarta ita ce ƙaramin gyara a kan kari ya fi babban gyara bayan lalacewa. Maginan Kano da Zazzau ba su bukaci a koya musu wannan ba.

Sai dai tsayuwar bango ita kaɗai ba ta wadatar ba. A yankin Wales na Birtaniya, masu kuɗi daga birane sun yi ta sayen tsofaffin gidajen ƙauyuka domin hutun ƙarshen mako. Sun gyara su sun yi kyau, amma mafi yawan shekara a kulle suke, farashi kuma ya tashi har 'ya'yan ƙauyen suka kasa sayen gida a garin haihuwarsu. Fushin ya kai ga daga 1979 zuwa farkon shekarun 1990 wasu suka cinna wa gidaje fiye da 200 wuta. Ƙone dukiyar mutane ɓarna ce da ba ta da uzuri, amma abin da ya haife ta darasi ne. Gidan da aka adana aka kulle ya tsira daga ruwan sama, bai tsira daga zama kango ba, domin kango shi ne gidan da ba a hura wuta a cikinsa.

Daga waɗannan misalai za a iya rarrabe masu saye gida uku. Akwai mai sayen fili, wanda ginin a wurinsa tarkace ne da zai biya a kwashe. Akwai mai sayen ado, wanda zai gyara ya rufe. Akwai kuma mai sayen zama, wanda zai shiga da iyalinsa, ya buɗe zaure, ya kira magini idan rani ya yi. Na ukun nan, ko da bare ne da ba a san kakansa ba, shi ne ya gaji mai gidan na farko a aikace.

Wata ƙalubalanta mai ƙarfi

Mai hankali zai ce: sau da yawa mai sayen fili ne yake ba da kuɗi mafi tsoka, musamman idan gidan yana bakin kasuwa ko bakin titi. Idan aka ƙi tayinsa aka sayar wa mai sayen zama da rahusa, ashe ba a sake tauye matar nan mai marayu ba? Wannan tambaya daidai take, kuma ba a amsa ta da daɗin baki. Ba halal ba ne a rage kason maraya domin a ceci zanen bango, kuma waliyyinsa ba shi da ikon yin kyauta da dukiyarsa. Duk baligin da bai yarda da ragi ba, shi ma ba a tilasta masa.

Mafita ita ce ragin ya fito daga kason waɗanda suka zaɓe shi. A koma ga misalinmu: idan mai rushewa ya taya miliyan 8, mai zama ya taya miliyan 7, magadan da ke da hali kuma suke son gidan ya rayu sai su ɗauke giɓin miliyan ɗayan a kasonsu, a ba raunana haƙƙinsu cikakke kamar an sayar miliyan 8. Idan ba a sami wanda zai ɗauki giɓin ba, to an gane ke nan cewa ƙaunar gidan ba ta kai yadda ake faɗa ba, sai a sayar wa mai tsoka a raba, ba tare da an zargi kowa ba. Rai ya fi gini, kuma idan dole sai an zaɓi ɗaya tsakanin cikin maraya da bakan gizo, cikin maraya za a zaɓa. Abin da nake ƙi shi ne a kai ga wannan zaɓi tun ba a gwada sauran hanyoyin ba.

Rabon hukuma da na gari

Ba adalci ba ne a bar wa iyali ɗaya nauyin abin da gari duka yake amfana da shi. A Kafin Madaki ta jihar Bauchi akwai gidan Madaki, wanda ake danganta gininsa ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. An sanya gidan cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. Amma irin wannan kariya ba ta isa ga gidajen attajirai da malamai da ke warwatse a garuruwa ba. Ko masallacin Zariya kansa, a shekarun 1970 an lulluɓe abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na siminti, har ya zama mai son ganin siffarsa ta waje sai ya je gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos ya ga kwaikwayonsa. Idan wannan ya sami aikin Babban Gwani, ina ga aikin maginin da ba a riƙe sunansa ba?

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya a karkara. Ke nan ko a idon doka, abin da mai gida yake riƙe da shi haƙƙin zama ne a kan ƙasar da wasu suka zauna kafinsa, wasu kuma za su zauna bayansa. Ƙaramar hukuma da masarauta suna iya abubuwan da ba su fi ƙarfinsu ba: su san tsofaffin gidajen da ke ƙasarsu su rubuta su, su sayi wanda ya fi daraja a kan farashin kasuwa su mayar da shi makaranta ko ɗakin karatu ko wurin shan magani, su kuma ba Sarkin Magina da yaransa aiki domin sana'ar ta sami masu gado. Wannan na ƙarshe shi ne ginshiƙi. Ranar da aka rasa wanda ya iya ɗaure bakan gizo, ko mai niyyar gyara ba zai sami mai yi masa ba.

Kammalawa

Tsohon gida yana ɗauke da haƙƙoƙi da yawa, kuma ba duka ne nauyinsu ɗaya ba. Na farko shi ne haƙƙin magada rayayyu, musamman raunanansu, wanda ba a jinkirta shi saboda kunya ko alfahari. Bayansa sai haƙƙin maƙwabta da gari, wanda ya wajabta a sanar da su a kuma ba na kusa damar taya gidan kafin a kai shi ga na nesa. Sannan haƙƙin aikin da magabata suka zuba, wanda ake biya ta hanyar neman wanda zai ci gaba da shi. Idan iyali suna da hali da niyyar zama da gyara, riƙewa ta fi. Idan ɗayansu zai iya sayen kason sauran, wannan ma alheri ne. Idan babu ko ɗaya, su sayar, su rubuta tarihin gidan, su ɗauki hotunan zanensa da rufinsa domin jikoki, su roƙi mai saye ya bar zauren idan zai iya, su fita da mutuncinsu.

Dillali zai tambayi mai saye nawa ya taya, domin la'adarsa a nan take. Magada su ma dole su ji wannan amsa, tunda da ita za a sallami kowa. Amma kafin a sa hannu a gaban mai unguwa da shaidu, ya kamata wani daga cikinsu ya ƙara tambaya ɗaya: idan damina ta wuce, wa zai yi yaɓen baɗi? Kuma ya kamata ya fara yi wa kansa tambayar kafin ya yi wa baƙo.